Jajayen Turaku a Gonar Baba Solomon

Keziah tana tsakar gida tana tankaɗen garin dawa Baba Solomon ya banko ƙofar kwano, ko sallama babu. A hammatarsa akwai wasu gajerun itatuwa, an feƙe gindinsu, an shafa wa kawunansu jan fenti, ɗanyar ƙasa har yanzu a jikinsu. Ya watsa su gabanta, ɗaya ya faɗa cikin rariya, gari ya yi tsalle.

"Na wane ne waɗannan?"

"Baba, sannu da dawowa."

"Ban tambaye ki sannu ba. Na ce na wane ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Na Haggai ne."

"Na Haggai ne," ya maimaita a hankali. Duk wanda ya san tsohon sojan nan a Rikoto ya san ihunsa ba abin tsoro ba ne. Ranar da ya yi ƙasa da murya, ranar ake neman wurin ɓuya.

To, bari in ɗan ja ku baya, 'ya'yana, kada in bar ku cikin duhu.

Haggai shi ne saurayin Keziah, maraya, ɗan Theresa mai ƙosai ta bakin tasha. A ƙasarmu ta Zuru kuwa ba a ɗaukar ɗiyar mutum da daɗin baki. Golmo ake yi, wato saurayi ya tara abokansa su noma gonar uban yarinya, damina bayan damina, har uban ya ce ya gamsu. Yanzu da boko da majami'a suka shigo mutane da yawa sun yafe. Ban da Baba Solomon. Dattijo ne a ikkilisiya, amma ya ce shi shekara bakwai ya yi kafin a ba shi Mama Rachel, in ya ce yaro ya yi uku ai ya yi masa gata.

Haggai ya yi biyu, babu wanda ya taɓa kushe nomansa. Wannan daminar ce ta uku, kuma ita ce ta zo daidai da shekararsa ta ƙarshe a kwaleji, can Kaduna.

Karatun nasa suna ce masa Ji-Ai-Es. Yadda aka yi mini bayani, ƙasa ake aunawa, da gonakinta da rafukanta da tuddanta, a zuba a kwamfuta a fitar da taswira, har mutum yana zaune ya ga ta inda ruwa ke bi da inda ya kamata a tare shi. Kafin a ba ɗalibi takardar gamawa sai ya zaɓi wani wuri ya auna da kansa, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa.

Sai yaron nan ya yi dabara, a ganinsa. Ya zaɓi gonar surukinsa ta gindin dutse, wadda kwazazzabo ke ci kowace shekara. Da safe ya riƙe garma, da yamma ya zaga da 'yar na'urarsa mai magana da tauraron ɗan'adam, yana kafa turaku a kusurwoyi. Ga golmo, ga karatu, ga kuma taswirar da zai miƙa wa tsoho kyauta ranar da aka gama.

Abu ɗaya ya rage, neman izini. Saurayi kuwa ba ya tunkarar surukinsa da magana kai tsaye, akwai nauyi. Ya aiki Keziah. Ita kuma kullum sai ta ce gobe, in Baba ya ci abinci, in Baba ya huce. Dawa ta yi tsawo ta rufe turakun, maganar ta kwanta.

"Wa ya nuna maka su, Baba?" ta tambaya, hawaye sun fara taruwa.

"Wanda ya fi ki kishin gidan nan. Joel."

Keziah ta ji kamar an watsa mata barkono. Joel ɗan abokin Baba ne tun barikin soja, mai shagon katin waya a kasuwa. Sau biyu yana aikowa, sau biyu tana mayar da saƙon da kayansa.

"Ya ce masu kafa dogon ƙarfen wayar nan suna neman fili a gindin dutse. Ya ce yaronki ne ke auna musu."

"Ƙarya yake yi! Wallahi ƙarya..."

"A kira mini shi."

*

Haggai ya zo kafin la'asar. Tun daga ƙofa ya cire takalmi, ya durƙusa can nesa, hannuwansa duk kanta. Mama Rachel tana bakin madafi tana jujjuya miyar da ba ta buƙatar juyi.

"Kai," in ji Baba Solomon. "Na ba ka gonata ka noma ko na ba ka ka auna?"

"In noma, Baba."

"Ina gonar take yanzu?"

Haggai ya ɗago kaɗan. "Tana nan inda take, Baba."

"An ce mini tana Kaduna. An ce tana cikin kwamfuta, wasu ƙattin da ban taɓa gani ba suna kallonta."

"Surarta ce kawai, Baba. Aikin makaranta ne. Babu wanda zai saya, babu wanda zai karɓa. Ruwan da ke saukowa daga dutse nake so in gane hanyarsa, don mu jera duwatsu mu karkatar da shi, kwazazzabon nan ya daina..."

"Ka ji shi! Zai koya mini hanyar ruwa a gonar da nake nomawa tun ba a haifi ubansa ba!"

"Baba, ba ubansa ba dai," Mama Rachel ta ce daga madafi. "Ai marigayin ya girme ka."

"Rachel, ki kula da miyarki."

Keziah ta matso ta zube a gabansa. "Laifina ne, Baba. Ya aiko ni in nemi izininka tun farkon shuka, ni ce na ji tsoro na yi shiru. In duka ne ni za ka daka."

"Da kin faɗa, da tun ranar na kore shi."

Ya ɗauki turke ɗaya, ya juya shi a hannunsa. Muryarsa ta sauya, har wata kalma sai ta fito masa da C'lela, yarenmu na Zuru, kafin ya dawo Hausa.

"Kun san inda na fara ganin wannan jan fentin? A gonar ubana, ta wajen Sakaba. Wasu mutane suka zo da wando gajere, suna murmushi kamar wannan, suka ce aunawa kawai suke yi, babu komai. Na tafi yaƙi na dawo, na tarar da hanya ta ratsa tsakiyar gonar. Kabarin uwata yana ƙarƙashinta. Har yau in na shiga motar Sakaba, in mun zo wurin, ɗaga ƙafafuna nake yi."

Keziah ba ta taɓa jin wannan labarin ba. Haggai ya kifa goshinsa a ƙasa.

"Ban sani ba, Baba. Na rantse ban sani ba. Ka yafe mini."

"In kana son yafiya, ka fitar mini da gonata daga cikin akwatin nan. Ka share ta."

"Baba..." Muryarsa ta karye. "Na riga na miƙa wa malamina. Ranar Juma'a da safe zan tsaya in kare aikin. In na share, shekarar nan ta tafi, sai in sake daga farko."

"Juma'a?"

"Juma'a, Baba. Ranar Alhamis da safe zan bi motar Kaduna."

Tsohon ya gyaɗa kai, kamar wanda aka miƙa wa abin da yake nema.

"To, huɗar gonata ranar Alhamis ce."

"Solomon!" Mama Rachel ta saki ludayi. "Ba mun ce sai sati na sama ba?"

"Na sauya. Ba zan ɗaura wa ɗiyata wanda ba ta so ba, ni ba azzalumi ba ne. Amma Joel ya roƙi in bar shi ya kawo samarinsa, na kuma amsa. Garmar da na gani a layin farko ranar Alhamis, har rana ta faɗi, mai ita na sani a matsayin mai neman aure a gidan nan. Wanda ba ya nan, daminunsa biyu sun bi ruwa."

Ya tattara turakun, ya shige ɗaki, ya ja labule.

Ku ji mini wannan hukunci don Allah. Yaro ya ƙona bayansa a rana damina biyu, a ce an share da baki ɗaya!

*

Ranar Laraba bayan an tashi koyon waƙa a majami'a, Keziah ta tare Haggai a gindin mangwaron da ke bayan ɗakin sujada. Idanunta sun kumbura. Shi kuma ya rame a kwana biyu kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi.

"Ka haɗa jakarka?"

"Ba ni zuwa."

"Me ka ce?"

"Na kai garmata maƙera an wasa. Gobe ina gona."

"Haggai, kana hauka ne? Shekara nawa Mama Theresa tana shaƙar hayaƙi a bakin tasha don ka kai wannan ranar?"

"Karatu ana sakewa, Keziah. Ke fa? In na dawo na tarar Joel yana zaune a tabarmar gidanku ana ce masa suruki, takardar me za ta yi mini? In kwanta a kanta?"

"Ni kaza ce da za a miƙa wa Joel a kwando? Na ce ba na son shi!"

"Baba ba zai tilasta miki ba, na ji. Amma ba zai ba ni ba. Za ki zauna, shekara ɗaya, biyu, uku, kullum Joel yana gona, kullum ana ce miki ga yaron kirki. Wa ya taɓa jure wannan?"

Ta ja da baya kamar ya mare ta.

"Au, haka ka ɗauke ni? Ruwan sanyi, duk inda aka karkata in bi?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka ce!" Hawaye suka ɓalle mata. "Kowa yana yanke hukunci a kaina. Baba ya yanke, Joel ya yanke, yanzu kai ma ka yanke za ka ƙona rayuwarka ka ce don ni. Gobe in ka ga abokanka suna aiki a ofis da kwamfuta, kai kana bakin tasha kana lodin buhuna, wa za ka kalla? Ni! Za ka kalle ni ka ce ga wadda ta ci mini karatu."

"Ba zan taɓa cewa ba."

"Bakinka ba zai ce ba, idonka zai ce. Ni kuma ba zan iya zama da wannan idon ba."

Ya jingina da mangwaro, ya rufe fuska da hannu.

"Ni na so in faranta masa ne kawai. Na ce ranar da na kawo taswirar zan shimfiɗa ta a gabansa, in ce Baba ga gonarka, ga inda ruwa ke shigowa, ga inda za mu tare. Na ɗauka zai yi dariya ya ce yaron nan ya iya. Ko a mafarki ban..."

"Ni ce na ja mana. Da na buɗe baki tun farko."

"Da ya kore ni tun farko, ai kin ji."

Ita tana kuka, shi yana kallon ƙasa. Can ta share fuska da gefen ɗankwali.

"Abokanka nawa za su zo goben?"

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Joel ya zaga gari ya ce ina sayar da gonakin mutane. Iyayensu sun hana su. Ni kaɗai ne."

"Kai kaɗai za ka huɗe gonar gindin dutse?"

"Layin farko aka ce. Zan riga su."

Keziah ta daɗe tana kallonsa. Da suka rabu ba gida ta nufa ba, tasha ta nufa, wurin mai ƙosai.

*

Alhamis ta waye da sauran yayyafi. Dawa ta kai ƙugu, ganyenta jiƙe sharkaf. Tun gari bai gama haske ba Haggai yana tsaye a bakin layin farko da garmarsa, yana jiran mai gona, don ba a sara kafin ya ce a fara.

Sai ga kiɗa daga hanya. Joel ne a gaba, da sabuwar riga mai hoton 'yan ƙwallo, samari fal a bayansa, har da mai ganga. Garmar da ke kafaɗarsa ko ƙasa ba ta taɓa gani ba, takardar shago tana manne a ƙotarta.

"A'a, Injiniya!" ya ɗaga murya. "Ina tauraron naka? Ka kira shi ya sauko ya taya ka mana."

Samari suka kwashe da dariya.

"Ko ka matsa mana, mu da ba mu iya Turanci ba mu yi aikin jahilai?"

Haggai ya juya musu baya, ya fuskanci layinsa.

Baba Solomon ya iso da sandarsa, turke ɗaya a ɗaya hannun. Da ya ga Haggai ya ɗan tsaya. Ina jin bai zaci zai gan shi ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga Keziah ta ɓullo ta cikin dawa da tulun kunu a kai, Mama Rachel na biye da ƙorai. A bakin hanya kuma wani ɗan acaɓa ya tsaya bai kashe inji ba, da jaka ɗaure a bayan babur.

Keziah ta sauke tulun. Ta ɗaure zanenta tamau, ta cire takalmi, ta nufi Haggai kai tsaye ta kama ƙotar garmarsa.

"Sake."

"Keziah, me kike..."

"Na ce sake. Ga jakarka can, Mama Theresa ta haɗa, direba ya ce zai riƙe maka kujera amma ba zai daɗe ba."

Ta fizge. Ta shiga layin farko, ta tsaya ƙafa a ware kamar yadda ta ga maza suna yi tun tana ƙarama.

Ganga ta mutu.

"Ke!" Baba Solomon ya daka tsawa. "Fita daga nan! Wa ya taɓa ganin ɗiya ta yi golmon kanta?"

"Yau za a gani, Baba." Ta dube shi ido cikin ido. "Ka ce garmar da ka gani a layin farko har rana ta faɗi. Ba ka ce hannun da ke riƙe da ita ba. Wannan garmar Haggai ce, kowa ya san ta, damina biyu tana cin ƙasar nan."

"Kina mini wayon lauyoyi a gonata?"

"Ba wayo ba ne. Ka ce jan fenti ya cinye kabarin Kaka, na yi kuka da na ji, har yanzu zuciyata ba ta huce ba. Amma waɗancan mutanen baƙi ne, Baba. Babu ɗanmu ko ɗaya a cikinsu da zai ce ku karkata, akwai kabari a nan. Yanzu ga namu zai koyi aikin, kai kuma kana so ka karya masa ƙafa ranar ƙarshe, saboda maganar mai katin waya!"

"Ke, ki iya bakinki," in ji Joel.

Ta juyo masa. "Kai kuma in ka isa, zo ka ture ni. Ga layin nan. Zo ka ture ɗiyar mai gona a gaban ubanta, ka ce aurenta ka zo nema."

Joel ya dubi samarinsa. Samarin suka dubi dutse. Wani daga baya ya ce, "Ni dai ba a ce mini da rigima ba," ya sauke garmarsa.

Keziah ta ɗaga garma ta kafta. Ta yi mata nauyi, ta sari gefe, har ta kusa datse dawa biyu. Ta sake ɗagawa. A karo na uku ƙasa ta juyu, baƙa, mai tururi.

Mama Rachel ta ajiye ƙorai. Ta je wurin yaron da ya sauke garma, ta karɓa ba tare da ta tambaya ba, ta shiga layi na biyu.

"Rachel! Har da ke?"

"Shekara bakwai ka yi a gonar ubana, Solomon. A ta shida ka tafi yaƙi, wa ya noma maka? Ƙannenka. Ubana ya ce daminunka sun bi ruwa?"

Tsohon ya tsaya, yayyafi na sauka a furfurarsa, yana kallon matarsa da ɗiyarsa sun duƙa cikin dawa. Daga hanya ɗan acaɓa ya danna oda, ya sake dannawa.

Haggai bai motsa ba. Ya durƙusa cikin laka.

"Baba, in ba ka ce in tafi ba, ba ni tafiya."

"Haggai!" Keziah ta yi ƙara ba ta ko ɗago ba. "Wallahi in motar nan ta tashi ba kai, ni da kai har abada!"

Ya ci gaba da durƙuso, idonsa a kan tsohon.

Baba Solomon ya dubi turken da ke hannunsa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya cusa shi cikin aljihun tsohuwar rigarsa ta soja, jan kan yana leƙowa.

"Tashi ka ba ni wuri, ka durƙusa mini a kan dawa."

"Baba?"

"Ban ce na yafe ba. Ban ce na ba ka ba. In hannun yarinyar nan ya gaza kafin rana ta faɗi, magana ta ƙare, ko ka dawo da takarda goma." Ya juya masa baya. "In kuma ba ta gaza ba, turakunka suna ƙarƙashin gadona. Ka zo da ƙafarka, ba da aike ba, ka nuna mini inda kake cewa ruwa na shigowa."

Haggai ya miƙe ya ruga, laka na tashi a bayansa. A bakin hanya ya waiwayo sau ɗaya.

Keziah ba ta ga waiwayen ba. Ta kai tsakiyar layin farko, tafin hannunta na dama ya riga ya fashe, jini yana bin ƙotar garma. Joel bai tafi ba, ya samu dutse ya zauna ya harɗe ƙafa yana kallonta.

Rana kuwa ko kan dutse ba ta gama hawowa ba.